Shekara Tara Birkina Yana Shan Man Gyaɗa

Bari in faɗi gaskiya da bakina tun kafin Idi mai garaji ya ƙara mata gishiri. Ni, Habu Bashe, shekara talatin da ɗaya ina tuƙi tsakanin Dakoro da kasuwannin daji, kuma tara daga cikinsu man gyaɗa nake zuba wa birkin motata. Man gyaɗa dai, wanda ake suyar ƙosai da shi. Ba wauta ce kaɗai ba, har da sata a ciki, amma za mu zo wurin.

'Yan fadarmu ta shayi sun hana ni sakat tun da na dawo. "Habu, yaya Katsina?" "Habu, da gaske ne wani Bayarabe ya saye ka?" Na gaji da maimaitawa, kuma duk wanda na ba labarin sai ya kai shi gida da ƙafa shida. Shi ya sa na sayi takarda na zauna. Aji uku na yi a lakwal, na ukun ma sau biyu, har malamin ya gaya wa babana cewa bencin da nake zama a kai ya fi ni ganewa. Wanda ya ga rubutun ya karkace, ya karkata kansa.

Motata bashe ce, irin mai buɗaɗɗen baya, ta girmi autata Zuwaira. Tumaki, buhunan hatsi, tsofaffin Fulani da ƙorensu, babu abin da ba ta ɗauka ba. Wata rana a kasuwar Rumbu na taka birki, na ji ƙafata ta tafi har ƙasa kamar na taka ɗanyen kashin shanu. Na buɗe gaban mota, 'yar tukunyar man birki ƙaf. Babu mai sayar da man birki a Rumbu, amma akwai mai ƙosai. Na ce mai ai mai ne. Na zuba, na taka, ya ɗan kama, na iso gida lafiya. Wannan isowa lafiyar ita ta cuce ni. Matata Rabi sana'arta ƙuli-ƙuli ce, kwalaben mai jere suke a bayan ƙofarta, sai na ga ai an kawo mini kantin kayan mota har cikin gida.

Za ku ce to da me nake tsayawa? Ku da kuka san ƙasarmu kun sani. Yashi. Tun daga nesa nake zaɓen inda zan tsaya, in sassauta wuta, in sauko da giya, in karkata cikin rairayi, mota ta yi tari ta tsaya. Birkin kuwa taki biyar nake yi masa, in ya ga dama ya amsa a na shida. A ƙofar gidana akwai tulin yashi da na sa aka zube tun shekarun baya, na ce wa mutane gini zan yi. Ba gini ba ne. Wurin tsayawata ne.

To Zuwaira tana aure a Rumbu, ga cikin fari ya shiga wata bakwai, lokacin dawowa gida haihuwa ya yi. Aka sa rana, Laraba ta sama, kwana tara. Ni zan ɗauko ta, wa zai ɗauko ɗiyar shofer in ba ubanta ba? Rabi ta shiga gyaran ɗakin da za ta sauka, ta kira magina su yi masa daɓen siminti. Suka ga yashi a ƙofar gida, shekara da shekaru yana jiran gini. Suka kwashe shi tas.

Da la'asar na dawo daga Ajekoriya da awaki bakwai a baya, na karyo kwana ina 'yar waƙata, na nufi tulin yashina. Babu. An share wurin har da yayyafa ruwa. Na taka ɗaya, biyu, uku. A na huɗu na shiga darni, a na biyar na bi ta kan randar Rabi, a na shida turmi ya tare ni. Rabi tana zaune taku uku daga turmin, da farantin gyaɗa a cinya.

Ba ta yi ihu ba. Da ta yi ihu da na fi jin daɗi.

"Malam, sannu da zuwa," in ji ta. "Yau ƙofar ce ba ta ishe ka ba?"

"Birki ne ya ɗan yi gardama."

"To ji nan. Ɗiyata da abin da ke cikinta ba su shiga motar ga, sai ranar da na ga ta tsaya inda na ce ta tsaya. In Laraba ta yi ba ta koyi tsayuwa ba, Garba za shi ɗauko ta."

Garba shi ne abokin hamayyata a tasha tun muna samari. Shi ya fara neman Rabi kafin ni, kuma har gobe in ya gan ta sai ya gyara hula. A ce Garba ne zai ratso tsakiyar Dakoro da ɗiyata a gaban motarsa, yana danna oda a ƙofar fadarmu? Gara in koma kiwon jakai.

Garajin Idi yana kallon gidana, tsallaka hanya ne kawai. Amma Idi yana da hanci, yana kuma da baki. In ya shinshina ya gane, kafin magariba har 'yan Sakabal sun ji. Ban da haka ina da shawarar da na yanke ni kaɗai, irin shawarar da mutum ke yankewa in bai tambayi kowa ba. Birkin tirela zan sa wa bashe, mai iska, wanda in ka taka yake cewa tsss. Na ga kaina ina tsayawa a gaban Garba, mota ta yi tsaki, shi ma ya yi. Na kwance uwar birkin, wato famfon da tukunyar mai ke zaune a kansa, na cire tiyo ɗaya da takalman birkin baya, na zuba a buhu don samfur. Na sayar da rago ɗaya. Na ce wa Rabi na tafi Katsina sayo birkin Turai.

"Allah shi kiyaye," in ji ta. "Ka ce wa mai motar ya tsaya da kai a tasha, ba cikin gidan mutane ba."

Motar Maraɗi ta cika maƙil, ni a gaba kusa da shofer, buhuna tsakanin ƙafafu. Rana ta fara zafi, buhu ya fara tsatsa, ƙamshi ya tashi. Ba mu kai Ajekoriya ba wata mata daga baya ta ce, "Baba, in ƙuli ne ka ɓoye, fito da shi, tafiyar da nisa." Na ce ƙarfe ne. Wani dattijon Buzu mai rawani har hanci ya leƙo ta kafaɗata, ya ja numfashi mai tsawo, ya ce, "Shekarata saba'in, ban taɓa jin ƙarfe mai sa yunwa ba." Har muka rabu yana kallona kallon marowaci. Ya fito da dabinonsa ya ba kowa, ya tsallake ni.

Abin kunyar da ya fi wannan a shingen jandarma ya same ni. Shoferinmu yaro ne, bai kai ɗana na biyu ba, yana ta gudu bisa kwalta, ga shinge yana matsowa, bai ko sauko da giya ba. Na duba dama babu yashi, na duba hagu babu yashi. Ban san sanda na cafke hannunsa ba ina cewa, "Yashi! Nemi yashi!" Ya taɓa birki sau ɗaya, motar ta tsaya cak, taku goma kafin shingen. Sau ɗaya! Na ji kamar in sauka in gai da tayar. Shofer ya ce, "Baba, yau ka fara shiga mota?" Na ce e. Ya fi sauƙi.

A Maraɗi na canja kuɗin ragon zuwa naira, aka ba ni ƙunshin da ya sa aljihuna ya rinjayi riga. Daga tasha zuwa tasha tafiyar attajirai na yi. Ban san cewa can ƙunshin yana narkewa kamar man shanu a rana ba.

A iyaka, ɓangarenmu, wani ɗan duwan, wato ɗan kwastan, ya ce in buɗe buhu. Ya sa hannu, ya fito da shi yana ƙyalli.

"Tsoho, wannan mi ne ne?"

"Marar lafiya ne, ranka shi daɗe. Asibiti zan kai shi Katsina."

Ya shinshina yatsunsa, ya kira abokin aikinsa. "Zo ka ji. A ido kayan mota, a hanci kayan miya." Suka yi ta gardama wane layi ya kamata in bi, na masu abinci ko na masu ƙarfe, har suka gaji da dariya suka sallame ni. "In ya warke ka biyo da shi mu gani," in ji na farkon. A ɓangaren Najeriya kuwa katina suka karɓa. Mai dubawar ya kalli hoton, wanda aka ɗauka tun ina da haƙoran gaba, ya kalle ni, ya ce, "Baba, na ɗanka ka ɗauko." Sai da na rufe baki na ɗaure fuska kamar yadda na yi a hoton sannan ya yarda ni ne.

Katsina dai Hausarmu ce, garinsu ne ya fi namu gaggawa. Kowa Alhaji yake ce mini, ni da ko Agadas ban taɓa zuwa ba, kuma ban hana su ba. Gaisuwarsu gajera ce, kafin ka kai ga tambayar dabbobi mutum ya shige keke mai ƙafa uku ya ɓace. Na nemi shayi, aka kawo mini kofi kamar bokitin wanka, da madara, da burodi, da ƙwai, wai in shanye in tashi wani ya zauna. Na ce ina zubi na biyu da na uku, irin na fadarmu? Mai shayin ya ce in zan biya ko na goma akwai. Furarsu kuma inji ke dama ta, a jefa ƙanƙara, a ba ka da ɗan cokalin roba. Babu ludayi, babu ƙwarya. Na sha, da daɗi, kada ku gaya wa Rabi.

Da na isa layin masu kayan mota na ce birkin tirela nake so. Wani saurayi mai shago ya ce akwai, ya shiga ya jawo wata tukunyar iska ƙatuwa kamar ragon layya, ya ce da ita ko jirgin ƙasa sai ya tsaya. Ina shafa ta ina jin tsss a raina, hannuna har ya shiga aljihu, sai na ji murya daga baya.

"Kai! Wa ya kwance mini bawa ya bar shi yana yawo a kasuwa?"

Na juya. Wani gajeren tsoho ne mai tumbi, da kayan aiki shuɗɗa duk baƙin mai, hularsa a lanƙwashe gefe guda, yana nuna fuskata da sifana. Ni Bagobiri ne, tsagena daga baki har kunne. Shi kuma Bayarabe. Wanda bai sani ba, tsakaninmu da su akwai wasa tun kakanni: kowa cewa yake ɗayan bawansa ne, kuma duk abin da ya gaya maka ba ka da ikon fushi. Sunansa Baba Lamidi, bakanike ne, a Katsina aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa tsabta.

Na ce, "Bayarabe, ubangidanka ya zo daga nesa, ko tabarma ba ka shimfiɗa ba?"

"Me ka zo saye, mai fuskar da kaji suka yi tono?"

"Birkin tirela."

"Tirelar tana ina?"

"Bashe ce."

Ya yi dariya har ya dafa bango. Ya ce wa saurayin ya mai da tukunyarsa, wannan bawan yana da mai shi. Ya ja ni rumfarsa, ya zazzage buhuna a kan tebur. Ya ɗauki uwar birkin ya shinshina. Ya sa ɗan yatsa ciki, ya lasa. Sannan ya ɗaga murya ya kira matarsa da ke sayar da abinci a gefe: "Iya! Kawo garin rogo, Bagobiri ya zo da mai!"

Ya warware ta a gabana. Robobin ciki, waɗanda ya kamata su riƙe mai su tura shi zuwa tayoyi, sun kumbura sun yi laushi kamar gandar da ta kwana a wuta. Ya matse tiyon, wani abu mai kauri ya fito kamar tunkuza. Ya ce roban birki ba ya shiri da kowane mai sai nasa, in ka ba shi wani sai ya sha ya kumbura ya daina aiki, kamar Bagobiri a gidan biki.

"Shekara nawa kana yi?"

"Biyu."

"Ƙarya."

"Biyar."

Ya dai tsaya yana kallona.

"Tara."

Nan dariyar ta ƙare. Ya ajiye sifana.

"Mutane kake ɗauka a ciki?"

"Awo, mutane."

"Har yara?"

Na gyaɗa kai.

"Bawana," in ji shi, "kai ba tawakkali ka yi ba. Shekara tara kana ba mala'iku aikin da ba nasu ba."

Da wani ne ya faɗa mini haka da mun yi dambe, tsufa ko babu tsufa. Amma Bayarabe ne, dole in haɗiye. Sai na ga bakina ya buɗe da kansa, na gaya masa zancen Zuwaira, da Laraba, da Garba. Ya ce Garban nan da alama mutumin kirki ne, ko a bar masa? Na ce zan koma wurin mai tukunya. Ya ce zauna.

Shi ya shiga gaba, ni a baya da buhu, kamar dai bawan da yake faɗa. Ya sayi sababbin robobi, na uwar birki da na kowace taya, duka a 'yar leda da ba ta cika tafin hannu ba. Ya sayi tiyo uku. Ya sayi filaket na gaba, waɗannan 'yan ƙarafan masu fata da ke matse faifan taya. Takalman baya ya ce ƙarfensu lafiya lau, ya kai aka sake musu fata kawai. Man birki kwalba uku, kuma sai da ya sa na murɗa murfin kowace da hannuna na ji a liƙe take. Ya ce wanda ake aunawa daga buɗaɗɗen galan ya riga ya sha danshi, in birki ya yi zafi sai ya yaudare ka, kada in saya ko kyauta ne. Duk wannan bai ci rabin ragon ba.

Na ce, "Shi ke nan? Babu tsss?"

"In kana son tsss ka yi da bakinka. Tayoyinka fa?"

"Lafiyarsu lau. Sumul, ko ƙurji babu."

Ya riƙe kai. Ya ce birki taya yake kamawa, taya ce ke kama ƙasa, taya marar haƙori kuwa kamar ni ce a gaban kilishi. Ya ce sauran ragon in sayi taya biyu masu zane a Maraɗi, in daina loda wa mota abin da ya fi ƙarfinta, kuma a gangara in riƙa saukowa da giya kamar yadda na saba, wannan kaɗai ce ɗabi'ar kirki da wautata ta koya mini.

Na ce, "Duk kayan nan babu su a Maraɗi?"

"Akwai. Ina jin har garinku akwai. Amma da ba ka zo ba, wa zai zage ka?"

Gidansa ya sauke ni, wai ba a barin dukiya ta kwana a tasha. Iya ta kawo wani baƙin tuwo mai santsi da suke kira amala, da miya ja wur. Lomar farko na ji kunnuwana sun buɗe. Ta biyu hawaye. Baba Lamidi ya ce wa 'ya'yansa su zo su ga bawa yana kukan murna. Don in rama na fito da cukun da na zo da shi, na Dakoro na gaske, busasshe. Iya ta juya shi ta ƙwanƙwasa, ta tambaya ko jiƙa shi ake yi. Baba Lamidi ya gwada da haƙori, ya ce, "Kana da wannan a garinku ka zo Katsina neman fatar birki?" Amma ya cinye uku, sauran ya sa a aljihu.

Da safe ya haɗa uwar birkin, ya nuna mini sauran a jikin wata mota da ke rumfarsa. Ya ce in na ɗaura komai sai na wanke bututun ƙarfen da sabon mai har tsohon ya fita kaf, sannan a fitar da iska, domin iska ita ke sa birki ya yi laushi kamar burodi. Mutum ɗaya yana ciki yana takawa ya riƙe, ɗaya yana ƙasa yana buɗe ɗan ƙusan da ke bayan taya ya rufe. A fara da tayar da ta fi nisa.

"Ni kaɗai ba zan iya ba?"

"Sai in ƙafarka ta kai kamu shida. Aikin mutum biyu ne. Ka nemi wanda ba ka jin kunyarsa, kuma in kun gama bakanike ya duba, kada ka ce ni na aike ka kashe mutane."

Na miƙa masa ladan aikinsa, ya ture. Ya ce ubangiji ba ya karɓar kuɗin bawa, in an haihu dai in namiji ne a sa Lamidi. Na ce ko akuyarmu ba ta amsa wannan suna.

A iyaka ɗan duwan ɗin nan ya gane ni. "Tsoho, marar lafiya ya warke?" Na ce ya warke, an dai hana shi maiƙo.

Ranar Litinin na ɗaura komai, har da tayoyin Maraɗi. Saura mutum na biyu. Na kalli garajin Idi, na kalli ƙofar Rabi. Na ce gara wadda ta riga ta san ni.

Rabi ba ta taɓa zama a kujerar shofer ba. Ta hau tana gyara zane, ta ce, "Wanne ne birkin? Ko da yake kai ma ba ka san shi ba." Na nuna mata, na kwanta ƙarƙashin mota da kwanon sha a hannu. "Taka! Taka! Riƙe!" Na buɗe ƙusa. Abin da ya kwana tara, a'a, ya shekara tara a bututu ya fara tsiyaya cikin kwano, ja-ja, mai kauri. Iska ta kaɗa ta kai mata. Na ga ƙafafunta sun sauko daga mota. Ta tsuguna, ta karɓi kwanon, ta kai hanci. Macen da ta shekara talatin tana matse gyaɗa ba a yi mata bayani.

"Malam. Wanga nawa ne."

"Ai duk man gyaɗa kama yake..."

"Nawa ne. Ni kaɗai ke suya da ɗan citta a unguwar ga." Ta zauna a ƙasa daɓas. "Na zargi maƙwabta. Na zargi ƙanwarka har muka yi shekara ba mu gaisa ba. Layar nan ta kama ɓarawo da na rataye bisa ƙofa, wa ya riƙe mini tsani?"

"Ni."

"Kai." Ta daɗe tana kallon kwanon. Na ɗauka duka za ta kai mini da shi. Sai ta miƙe ta koma kujera. "Ƙarasa. Wace taya ta saura?"

Muka bi huɗun duka, tana takawa kamar kaina ne a ƙarƙashin ƙafarta, har mai ya fito fari tas babu kumfa. Da muka gama ta yafa gyale ta tsallaka hanya ta kira Idi, da kwanon a hannunta. Idi ya duba, ya ƙara ɗaure tiyo ɗaya da na bari sakwa-sakwa, ya daidaita takalman baya, ya ce aiki ya yi. Bai yi dariya a gabana ba, Allah ya saka masa. Sai da ya kai fada. Robobin nan kuwa da na je Katsina nema, ya nuna mini irinsu rataye a ƙusa cikin garajinsa, sun yi ƙura.

Talata da la'asar aka yi gwaji a filin bayan unguwa inda ƙasa take da tauri. Na ɗauka randa Rabi za ta sa a gabana. Ta ce randa tata ce, an riga an yi asarar ɗaya. Ta ɗauko rediyona da butar shayina da 'yan kofunana uku, ta jera a tsakiyar fili, ta ja layi da ƙafa a gabansu. 'Yan fada sun zo. Garba ma ya zo, da sabuwar hula. Na taho da gudu, zuciyata tana cewa nemi yashi, na danne ta, na taka sau ɗaya. Motar ta kafe, ƙirjina ya bugi sitiyari, hulata ta faɗo. Tsakanina da rediyo akwai wurin shimfiɗa tabarma. Da bakina na ce tsss. Garba ya ce ai ko jaki in an matsa masa yana tsayawa, ya tafi. Rabi ta tattara kayan shayin, ta ce, "Gobe ka tashi da wuri. Kuma kwalabena na ƙirga su."

Laraba na isa Rumbu da hantsi. Surukai suka yi mini fura, aka loda kayan Zuwaira a baya, ta shiga gaba da ƙyar, tana riƙe da ciki da hannu biyu. Muna tafe a hankali tana ba ni labarin uwar mijinta, ni ina ba ta na Bayarabe, ban da wurin man gyaɗa. Akwai wata gangara kafin a fito babbar hanya, ƙasa ja mai tsakuwa, babu yashi ko na cika hula. Shekara tara ina saukarta da salati. Muna tsakiyarta sai ga taguwa ta fito daga bayan ƙaya, ɗanta yana bin ta, suka tsaya a kan hanya suna kallonmu kamar mu ne baƙi.

Na taka. Motar ta tsaya. Ɗan raƙumin yana iya lasar fitilar in ya so.

Amma ƙafata ba ta san an gama ba. Ta ci gaba da kanta, biyu, uku, huɗu, biyar, a kan birkin da ya riga ya kama. Zuwaira ta kalli raƙuman, ta sunkuya ta kalli ƙafar tawa har ta gama ƙirgarta. Ta san wannan takin, da shi ta girma. Na amsa wa 'yan duwan, na amsa wa Bayarabe, Rabi ma na amsa mata iyakar ƙarfina. Jikan nawa yau kwanansa arba'in, 'yan fada sun riga sun laƙaba masa Lamidi, amma abin da uwarsa ta tambaye ni a gangarar nan har yanzu yana nan inda ta ajiye shi.

"Baba," in ji ta, "to da can, da kake kai mu lakwal mu shida a baya, mi ke tsai da mu?"